Idan Kawu Bai Zo Ba, Wa Ya Cinye Zabuwar Iya?

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Jami'ar da kawuna yake koyarwa.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka da dukan malaman da ke ƙarƙashinka. Ina yi maka barka da damina. Mu nan Arewa mun gode Allah, hatsi ya fitar da kai, har tsuntsaye sun fara zagayen gonaki.

Sunana Rakiya, shekarata goma sha bakwai. Ina karatu a lise, wato babbar sakandare, a Dogon Dutsi, kuma in an koma makaranta zan shiga ajin ƙarshe, ajin jarrabawar fita da ake kira Bak. Ni ba mai surutu ba ce. Ko a aji, in mushe, wato malami, ya kira sunana, sai in ji muryata ta tsere ta bar ni tsaye. Don haka kada ka ɗauka rashin kunya ce ta sa na rubuto wa babban mutum kamarka a fili. Sau huɗu ina yaga wannan takarda. Ta farko da Faransanci na yi ta, amma kakata ta ce ba za ta dangwala yatsa a kan maganar da kunnenta bai ji ba, shi ya sa ka gan ta da Hausa. In kuma ka ga rubutun yana rawa, ba tsoro kaɗai ba ne, har da murna. Tun shekaranjiya nake cikinta, ko tuwo na kasa ci sosai, domin ina jin na gano yadda za a warware matsalar da ta gagari manya shekara guda. Ina ɗokin in faɗa maka yanzu-yanzu, amma dole in bi da kai daga farko.

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, malami ne a sashen noma na jami'arku. A gida Mamman ake ce masa. Ba zan faɗi cikakken sunansa ba, don bai san ina wannan rubutu ba, kuma da ya sani da ya ce in bari. Amma ba zai yi wuyar ganewa ba, kamar yadda za ka gani.

Mahaifiyarsu ita ce kakata, muna kiranta Iya. Tana zaune a wani ƙaramin ƙauye ta wajen Tibiri, in ka saki hanyar Guéchémé ka bi yashi. Iya tana da wani irin gero, gargasa mai gashi a jikin zangarniya, wanda tsuntsu ba ya son sauka a kansa. Uwarta ce ta zo da shi daga Lugu a ƙulle cikin bakin zane lokacin da aka kawo ta gidan miji. Shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri, gonar Iya takan ba da wani abu, kuma maƙwabta har daga Dumega sukan zo roƙon iri. Amma ita ta ce ba geron ba ne kawai, zaɓen ne. Kowace shekara, in hatsi ya nuna kafin a yanka, takan shiga gona da hantsi tana tafiya a hankali. Ta duba wannan, ta shafa wancan, ta ciro ƙwaya ɗaya ta ciza. Wanda ya yi mata, sai ta ɗaure masa ganye a wuya, a yanke shi daban, a rataye shi daban a saman rumbu. Ba wanda ya san abin da take dubawa. In an tambaye ta a tsakar gida sai ta ce ba ta iya faɗi, sai dai ta nuna a gona. Kwanakin nunawar kuwa ba su wuce goma ba a shekara.

Ga kuma abin da ke hana mu natsuwa: yanar ido ta rufe idon Iya na hagu, na daman ma ya fara. Yanzu ba ta bambanta ni da yayata Hadiza sai na yi magana, ni kuma da yake ba na magana, nakan wuni ana kirana Hadiza. Ita da bakinta ta ce bana ce ƙila shekararta ta ƙarshe ta zaɓe da ido.

Kawu yana so ya tsaya kusa da ita a gona, ya tambaya, ya rubuta, domin abin ya shiga littafi ya kai ga ɗalibanku. Shekara uku ke nan yana so. Ga abin da ya hana.

Na ɗaya. Abin da na gani a gidansa.

Farkon wannan hutu na yi sati uku a gidan Kawu a birni. Ni dai a zatona malamin jami'a karatu yake wuni yi, ko ya shiga aji, ko ya leƙa gonar gwaji. Ranka ya daɗe, teburin cin abincinsu ba a cin abinci a kansa! Matarsa ta daɗe da haƙura, a tabarma suke ci. Takardu ne jibge: rahoton awoyin da ya koyar, rahoton abin da zai koyar, rahoton ko abin da ya ce zai koyar shi ya koyar, da wani kuma na auna kai, inda mutum zai ba kansa maki. Ni ce mai jera masa su. Da idona na ga magana guda, wato yawan awoyinsa na aji, ya rubuta ta a takarda iri uku don ofisoshi uku, kuma ya ce ofisoshin nan a bene ɗaya suke. Na tambaye shi ko mutanen ciki ba sa ga-maciji ne da juna. Ya yi dariya har ya ƙware, ya ce a'a, tare suke shan shayi.

A ƙofar gida akwai benci. Ɗalibansa masu rubutun ƙarshen karatu sukan zauna a kai suna jira ya duba musu aiki. Akwai wata mai goyo da ta zo sau uku a sati ɗaya. Kowane zuwa Kawu yakan fito da biro a bayan kunne ya ba ta haƙuri, ya ce an kira taron kwamiti. Jaririnta har ya saba da ni. Ranar da ya samu ya karanta mata shafi ashirin, fuskarsa ta sake kamar an sauke masa dami daga ka. A nan na gane aikin da yake so shi ne wanda yake samun lokacinsa a ƙarshe, in ya samu.

Na biyu. Tafiyar bara.

Bara an ba shi kwana uku, daga Juma'a zuwa Lahadi. Ni ma na je. Da farko Babana ya hana. Shi ɗan kasuwa ne mai tsantseni kan addini, kuma ya ji an ce Iya tana magana da hatsi, ga shi asalinta Lugu, garin da aka sani da bori, sai ya ji tsoron kada harkar iskoki ce. Iya ta aiko masa da saƙo: "Ku ce ma surukina da bismillah nike shiga gona. Magana kuwa, da awakina ma ina yi." Baba ya yi murmushi ya ce in je. Ban taɓa haɗa kaya da sauri irin na ranar ba, har na sa takalmi wari biyu daban.

Kawu ya zo da takardar izinin tafiya. Ka san ta, ranka ya daɗe, tunda daga wajenku take: dole hukumar wurin da aka je ta buga mata tampo, wato hatimi, sau biyu, ɗaya na isowa, ɗaya na fita.

Juma'a ta tafi wajen neman tampon isowa. Ban ga laifin kowa ba. Ofishin yana da nisa da ƙauyen, hanya yashi, ga sallar Juma'a a tsakiya. Ya tafi bisa kabu-kabu da safe, ya dawo rana ta yi sanyi, da tampo ɗaya da ƙaya a wando.

Asabar Iya ta shirya tun da farar safiya, ta sa malfarta ta shiga gona. Kawu ya rataya jakarsa zai bi ta ke nan, sai saƙo ya shigo wayarsa: a sake aiko da jadawalin awoyi kafin azahar, an canja tsarin layukan. Jadawalin nan ya riga ya aika da shi sau biyu. A ƙauyen Iya waya ba ta kamawa sosai sai a kan wani tudu mai aduwa guda. Can ya hau, ya ɗora ordinater, wato kwamfutarsa, bisa gwiwa, ni ina riƙe masa waya sama kamar mai kiran shaho. Daga tudun muna hango malfar Iya tsaye a tsakiyar gona, ba ta motsi. Ta jira har rana ta take, ta koma gida. Wannan wurin kam ba na dariya in na tuna shi.

Sai bayan la'asar suka shiga gona tare. Kafin ya yi tambaya ko ɗaya kuwa, dole ya cika takardar yardar mai ba da bayani: suna, ranar haihuwa, lambar waya, sa hannu. Iya ta ce an haife ta shekarar da tsohuwar rijiyar garinsu ta rufta. Kawu ya dubi ƴan akwatunan nan takwas da aka zana don lambobi, ya dube ta. Ta ce masa: "Wanga yaro, mi kake nema cikin takarda? Ni na haife ka, kai kuma kana tambayata yaushe an ka haife ni?"

Amma, ranka ya daɗe, ɗan lokacin da ya rage kafin magariba! Da ka gani! Iya ta wuce wata zangarniya doguwa mai kauri, wadda ni da na ce ita ce sarauniyar gona, ko kallo na biyu ba ta yi mata ba. Ni ban ma lura ba. Kawu ne ya tsaya ya ce, Iya, wannan fa? Ta buga ƙasan wurin da ƙafa ta ce: "Nan shanun Fulani sun ka kwana da rani. Ƙibar ga ba tata ba ce, ta taki ce. Ɗiyanta ba su gadonta." Kawu ya yi tsalle. Ba ƙari nake yi ba, babban malaminku, da furfurarsa, ƙafafunsa biyu sun bar ƙasa. Ya ce wannan magana darasi ce ta sati biyu a ajinsa, kuma a littafi sunanta ya fi zangarniyar tsawo. Nan take ya hau rubutu. Zangarniya huɗu kacal ta nuna masa aka kira salla. Ta ce dalilan zaɓenta suna da yawa, gobe za su ci gaba.

Goben ba ta samu ba. An kira shi cewa baƙi masu duba ingancin jami'a sun matso da zuwansu zuwa Litinin, kuma ana bukatarsa a taron shiri. Ya fita Lahadi da sassafe. Ofis kuwa ba ya buɗewa Lahadi. Takardarsa ta koma muku da tampo ɗaya.

Na uku. Maganar zabuwa.

Bayan wata biyu aka sanar da shi cewa takardar da ba ta da tampo biyu ba a karɓarta, kuma tafiyar da ba a karɓi takardarta ba, a wajen jami'a kamar ba a yi ta ba ce. Da labarin ya kai ƙauye, mahaifiyata ta yi ta ƙoƙarin fahimtar da Iya. Iya ta saurara har ƙarshe. Ita kuwa ranar da ya iso ta yanka masa zabuwarta mafi ƙiba, wadda ta hana kowa taɓawa ko da Sallah. Sai ta ce: "To in Mamman bai zo ba, wa yac cinye mini zabuwa? Ku tambayo mini manyan nasa. In ba shi ba ne, ɓarawo ne mai kama da shi, kuma har ƙari ya nema."

Ranka ya daɗe, ni shaida ce. Ya nemi ƙari. Ni na kai masa.

Yanzu maganar ta zama ta gari. In yaro ya ci abu ya yi musu, sai a ce ya yi zuwan Mamman. Amma bayan dariyar akwai abin da ba na dariya ba: bana da ya nemi sabon izini, an ce ba za a ba shi ba sai an rufe tsohuwar takarda. Ba za a rufe ta ba sai da tampon fita. Tampon fita ba ya samuwa sai ya je. Ba zai je ba sai da izini. Na zana abin a bayan kayena, wato littafin rubutuna na lissafi, ya fito da'ira.

Na huɗu. Ba na ƙin a bincika aikin malamai.

Ina so ka san ba ƴar son a yi sakaci ba ce ni. Shekara biyu ke nan ni ce mai riƙe kayen ajinmu, wanda kowane mushe yake rubuta darasin da ya yi ya sa hannu. Saboda shiruna aka zaɓe ni. Na san amfaninsa. Mun taɓa yin wani malami da ba ya son zuwa ranar kasuwa, kuma shafukan da suka zauna fari su ne suka yi mana magana, mu da ba ma iya yi. Don haka na yarda a tambayi malami ina ya je, me ya koyar. Haƙƙin ɗalibai ne.

Amma kayenmu ɗaya ne. Malami yana cika shi kafin mu gama goge allo. Da za a ce ya cika kaye uku, ya rubuta rahoto kan cika su, sannan ya halarci taro kan rahoton, da awar ta ƙare ba mu ga ko lamba ɗaya a allo ba, kuma kayen zai nuna komai daidai. Ni abin da na gani a gidan Kawu ke nan. Ka gafarce ni in na faɗi abin da ya fi ƙarfin bakina.

Na biyar. Abin da na gano!

Ga shi, na iso wurin da nake ta ɗoki. Shekaranjiya ina tankaɗe, ina tunanin da'irar nan, sai abin ya faɗo mini, har na zubar da gari mahaifiyata ta yi mini faɗa. Na taɓa riƙe hoton takardar, na san abin da ke jikinta. Ba ta ce Kawu bai zo ba. Ta ce ya iso. Abin da ba ta ce ba shi ne ya tafi. Ke nan a wajen takardarku, Kawu yana ƙauyen Iya tun bara, bai fita ba har yau!

To ranka ya daɗe, mutumin da yake wuri, wane sabon izini yake bukata don ya kasance a wurin? Ku miƙa masa tsohuwar takardarsa kawai, ya koma inda ta ce yake. Ya ƙarasa aikin da aka aike shi. Ranar da Iya ta ɗaure ganye na ƙarshe, in ranar aiki ce, ya je a buga masa tampon fita ya kawo muku. Takarda ta rufu, ba a karya doka ko ɗaya ba, kuma an gane wanda ya ci zabuwa. Da na faɗa wa Baba, ya ajiye ma'auninsa ya dube ni ya ce, ashe kina da baki. Da na je ƙauye jiya na faɗa wa Iya kuwa, ta ce in dai yana garin tun bara, ya fito ya biya ta noman da ya ɓuya bai yi ba.

Na san ƙila akwai wata doka da ban sani ba wadda za ta ce hakan bai yiwuwa. In akwai, kai ne mai iko da alƙalami, ka fi ni sanin ta inda za a bi. Ni dai abin da na sani shi ne ƙwaya ta fara tauri, kuma maza sun fara wasa wuƙaƙen yanka. Bai fi sati uku ba.

Wani zai ce, ke da kike da kaye da biro, ki je ki rubuta mana. Zan je, ko da shi ko ba shi. Amma ni na wuce zangarniyar nan mai kauri ban ga komai ba. Iya ba ta faɗin abu sai an tambaye ta daidai wurin, ni kuma ban san wurin tambaya ba tukuna. Abin da kuka koya wa Kawu ke nan, kuma abin da nake so in zo jami'arku in koya ke nan, in Allah ya ba ni Bak. Ina so in na zo in tarar da malamai a aji, ba ni a benci su a taro ba.

Saboda haka ina roƙonka, cikin ladabi:

Ka saki Kawu kwana bakwai kafin a yanka hatsi, kuma a cikinsu kada a aiko masa da saƙon canjin layuka. In ya zama dole, a jira ya dawo. Tudun nan yana da ƙaya.

Ka sa ofisoshin nan uku su riƙa karanta takarda guda, tunda dama tare suke shan shayi.

Ka sa a bar fili a takardar yarda don mutanen da shekarunsu ba sa shiga akwati.

Ka kuma duba ko za a samar wa malamai masu taimaka musu da aikin takardu, domin mai goyon nan ta gama kafin ɗanta ya fara tafiya.

Kwafin wannan wasiƙa da zan ba direban mota ya kawo ofishinka yana tare da zangarniya ɗaya daga cikin huɗun bara, da ganyenta a wuya. Ba ta shiga ambulan ba, a tsohon kallabina na naɗe ta. In ana neman shaidar cewa an yi tafiyar, ga ta. Don Allah kada a ajiye ta kusa da taga, tsuntsayen birni ba su san gargasa ba.

Iya ta ce in gaya maka ta ware zabi biyu bana, ɗaya ta Mamman, ɗaya taka in ka ga dama ka biyo shi. Ta ce amma wannan karon za a rubuta sunan duk wanda ya ci.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya sauƙaƙa maka nauyin da ke kanka, domin na tabbata kai ma akwai masu neman rahoto a wajenka. Allah ya albarkaci jami'arka da malamanta da ɗalibanta, ya sa mu ga girbi lafiya, ya bar wa Iya hasken idonta har ta gama nunawa. Amin.

Wassalam.

Taka mai biyayya,
Rakiya, daga Dogon Dutsi.

Shuɗin tabon da ke ƙasan sunana yatsan Iya ne, da tawadar birona. Ta ce tamponta ke nan, kuma ko ranar Lahadi yana aiki.